Mutumin da ya ƙona makankari ya gina murhu

Tun muna kolej na karanta littafin nan na Jules Verne, L'Île mystérieuse. Na saye shi hannun masu baza tsofaffin littattafai ƙasa a bakin kasuwa, bangon ya cire, shafukan farko ma babu. Labarin mutum biyar ne da suka faɗa wani tsibiri hannu rabbana, amma kafin ka ce me sun yi tubali, sun yi farar ƙasa, sun narke ƙarfe, har da abin fasa dutse. Lokacin dariya na yi, na ce ƙaryar Nasara ce dai irin ta masu littafi. Sai bara na ci karo da labarin wasu mutum biyar na gaske, masu suna da ranar haihuwa, da jirginsu ya fashe a 1864 suka yi kusan wata ashirin a wani tsibiri da babu kowa. Ɗaya daga cikinsu, Bafaranshe mai suna François Raynal, ya rubuta abin da ya same su cikin littafi mai suna Les Naufragés, ya fito a 1870, shekara huɗu kafin Verne ya fara fitar da nasa. Masana adabi da dama na ganin daga nan Verne ya ɗebo. Ni abin da ya tsaya mini a rai cikin labarin duka shi ne murhu, da yadda aka yi aka gina shi babu buhun siminti ko ɗaya.

Sunan jirgin Grafton. Ƙarami ne, mai tafiya da iska. Ya tashi daga Sidni ta Ostiraliya ranar 12 ga Nuwamba 1863, za shi tsibirin Campbell neman kuza, in ba a samu ba a kamo dabbobin teku a sayar da fata da kitse. Kyaftin shi ne Thomas Musgrave, Raynal mataimakinsa, sai Alick mutumin Norwe, George Harris mutumin Ingila, da kuku Henry Forgès ɗan Fotugal. Kuza ba su gan ta ba. Raynal kuwa ciwo ya kwantar da shi har ana zaton ba zai tashi ba. Suka juyo, suka ratse tsibiran Auckland, wajen kilomita 465 kudu da Niyu Zilan, suka shiga wani lungun teku da ake kira Carnley. Can iska ta same su. Daren 2 wayewar 3 ga Janairu 1864 sarƙar da ta riƙe jirgin ta tsinke, ya bugi duwatsu.

Sa'arsu ɗaya, kuma ku riƙe ta don zan dawo kanta: jirgin bai nutse ba. Ya kwanta ne gab da gaɓa. Sun fita su biyar da ransu, da ƙaramin kwalekwalen jirgin, da bindiga, da ɗan abinci, da gatari, gizago, guduma da wani ɗan abin huda katako. Katakan jirgin da igiyoyinsa da ƙarafansa duk suna nan inda hannu zai kai.

Mu mutanen Sahel, in aka ce daji, ƙishirwa muke tunawa. Can akasin haka ne. Ruwan sama na sauka kusan kwana ɗari uku a shekara, iska ba ta hutawa, sanyi na shiga ƙashi. Janairu ma shi ne lokacin ɗuminsu, tunda ƙasar tana can kudancin duniya, damina da rani a juye suke. Wato watanni ƙalilan gare su kafin sanyin gaske ya sauko wajen Mayu da Yuni. Mutum jiƙaƙƙe cikin iska mai sanyi, ko da cikinsa cike, ba ya daɗewa. Saboda haka ɗaki ya zama dole, kuma ɗaki mai wuta a ciki dare da rana.

Nan matsalar take. Ɗakin da suka tsara na itace ne da ciyawa, tsawonsa ya ɗan wuce mita 7, faɗinsa kusan mita 5, bangon kuma dubban damman ciyawa ne aka ɗaure jikin sanduna. Wanda ya taɓa ganin gobara a ƙauye cikin hunturu ya san abin da tartsatsi guda ke yi wa irin wannan. Ƙasar tsibirin ita ma ba ta taimako: ruɓaɓɓen ganye ne da saiwoyi da suka taru shekaru dubbai suka danne juna, baƙa, mai laushi kamar soso, in ta bushe ita kanta ci take da wuta. Ba laka ba ce da za ka kwaɓa ka yi tubali. Dutse akwai shi birjik a bakin teku, amma dutse bisa dutse ba abin liƙawa, hayaƙi da harshen wuta za su bi ta ramuka su kai ga ciyawa.

Raynal, da ya fara samun ƙarfin jiki, ya tara ɓawon halittun teku da ke zube bakin ruwa, irin makankarin da muke gani a kogi da danginsa. Ya zuba su cikin babbar wuta, ya bar su suka kwana suna ci. Da safe suka zama farar ƙasa. Ya haɗa da ruwa da ƙananan tsakuwa, ya samu kwaɓin da ya liƙe duwatsun murhun da shi. Ba shi da cokalin magina, da guntun katako ya yi aikin, kuma kwaɓin ya ci masa fatar yatsu. Saman, inda hayaƙi ke fita, suka lulluɓe cikinsa da fallayen jan ƙarfe da suka ɓamɓaro daga jirgin. Cikin watan Maris suka tare. Suka sa wa gidan suna Epigwaitt.

A lakol duk mun rubuta abin nan cikin kaye, mun haddace shi saboda jarrabawa, mun manta. Ɓawon makankari, da ɓawon ƙwai, da farin dutsen da ake haƙowa, asalinsu ɗaya: kabonat na kalsiyom, CaCO3. In zafi ya kai wajen digiri 900, iskar kabon ta fice ta bar ƙonanniyar farar ƙasa. Cikin kilo 100, kilo 44 iska ce ke tashi, 56 ke saura, shi ya sa ɓawon da ya ƙonu daidai yake zama sakayau a hannu. In ka zuba mata ruwa sai ta yi zafi da kanta, ta yi tururi, ta ruguje ta zama gari ko kunu. Wannan kunun shi ke cin fata. Ka haɗa da yashi, ka shafa tsakanin duwatsu, ka bar shi. Sannu sannu zai riƙa jawo iskar kabon daga sarari yana komawa abin da yake tun farko, wato dutse. Wuta ta raba, iska ta mayar. Abin da Raynal ya yi ke nan.

Da na karanta sai na ce bari in gwada, don ban yarda da abin da ban gani ba. Na tsinto makankari cike da leda a bakin kogi, na zuba cikin murhun gida bayan an sauke tuwo. Da safe na tarar da su baƙi ƙirin, sun tsattsage, na zuba ruwa, shiru. Wutar girki ba ta isa ba, kuma ba ta daɗe ba. Sai na kwashi sauran na tafi wurin wani tsohon maƙeri a unguwarmu.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, wata alfarma nake nema. So nake a gasa mini wannan cikin wutarka."

Ya leƙa ledar, ya dube ni. "Kai ɗan lakol, magani za ka haɗa?"

"A'a Baba, siminti nake son yi."

Dariya ya yi har da tari. Amma ya ce wa jikansa ya kama zugazugi. Aka binne su cikin gawayi, aka yi ta zuga har suka yi ja kamar garwashi, muka bar su ciki yana ta aikinsa. Da suka huce sun yi fari, ba nauyi. Na sa cikin gwangwani na ɗiga ruwa. Wallahi sai ga shi yana huci, gwangwanin ya yi zafin da na sake shi ƙasa. Tsohon ya daina dariya, ya ce, "To, ɗana, ka ga aikin zugazugi." Na kwaɓa da yashi kashi uku, na liƙe duwatsu biyu. Kwana uku ina taɓawa da farce yana shiga. Sai bayan sati da yawa ya fara tauri, har yanzu kuma in na sa ƙusa da ƙarfi tana kankare shi.

Wannan ya sa nake cewa mu yi hankali da kalma. Ana cewa Raynal ya yi siminti, amma ba irin na buhu ba ne. Simintin buhu, wanda wani magini na Ingila, Joseph Aspdin, ya yi wa rajista da sunan Portland a 1824, bayan binciken da Louis Vicat ya yi a Faransa tun 1817, farin dutse ne da yumɓu ake haɗawa. A masana'antun yau ana gasa su a zafin da ya kai wajen digiri 1450 har su dunƙule, sannan a niƙe. Shi da ruwa yake kamawa, cikin kwanaki, ko a ƙarƙashin ruwa. Babu mai yin wannan da itacen daji. Na Raynal da iska yake kamawa, a hankali, kuma ba ya son zama cikin ruwa tun yana ɗanye. Romawa sun san dabarar ƙarfafa shi, suna zuba masa tokar dutse mai aman wuta ta wajen Pozzuoli, da ita suka yi rufin Pantheon mai faɗin mita 43 da ke tsaye har yau a Roma. Raynal ba shi da ita, ba ya ma buƙatarta. Shi dai a toshe ramuka, dutse ya zauna, wuta ta tsaya inda aka ce ta tsaya. Kuma ta tsaya, wata goma sha bakwai da ɗoriya ɗakin ciyawa bai kama ba.

Abin ban dariya, ni da na je har ƙarshen duniya cikin littafi neman wannan dabara, tana nan bayan gidanmu. Marina sun daɗe suna kwashe abin da ya kwanta ƙasan rijiyar rini, wato gurɓin baba da toka, su dunƙula, su shanya, su ƙona, ya zama katsi. A daka katsi, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara mai yauƙi, shi ne laso, wanda ake shafe rijiyar rini da shi don kada ta tsiyaye, masu hali kuma su shafe soro. Tokar itace na ɗauke da kalsiyom mai yawa, don haka wanda ya ƙona katsi yana bisa hanya ɗaya da wanda ya ƙona makankari, ko da bai taɓa jin sunan CaCO3 ba. Haka kuma simintin Malbaza, a jihar Tahoua, da ake yi tun shekarun 1960: farin dutsen da ake haƙowa can ya samu ne ƙarƙashin wani teku da ya taɓa rufe yankin miliyoyin shekaru da suka wuce. Wanda ya yi yawo a duwatsun Adar ya san ana tsintar ɓawon halittun ruwa da suka zama dutse. Ashe kamyon da ke wuce mu ɗauke da buhuna, makankari ne ya ɗauko, tsoho ƙwarai dai.

Mu koma tsibiri. Ina Raynal ya koyi wannan? Ba injiniya ba ne. An haife shi a Moissac a 1830, talaucin gida ya fitar da shi daga karatu ya shiga jirgi, ya yi aiki a gonar rake a tsibirin Moris, sannan ya yi shekara goma sha ɗaya yana haƙar zinariya a dajin Ostiraliya, inda in ba ka gina bukkarka ka gyara digarka ba, ba mai yi maka. Ni a ganina wannan ita ce jami'arsa. Kuma farar ƙasar ba a murhu kaɗai ta tsaya ba. Da ita ya cire gashin fatun zakin teku, wata dabba mai kama da ayu wadda namanta ne abincinsu, ya jeme su da ɓawon itace, suka ɗinka takalma. Ya tace toka ya dafa da kitse ya yi sabulu, abin da duk wata tsohuwa a ƙauyenmu za ta ce masa ai mun sani. Da dare suna karantar da juna, wanda ya iya karatu ya koya wa wanda bai iya ba. Musgrave ya ci gaba da rubuta abin da ke faruwa, da tawada ta ƙare ya koma jinin zakin teku.

Waɗanda suka ba da kuɗin tafiyar a Sidni sun yi alkawarin aiko jirgi in an ji shiru. Shekara ta zagayo, ba kowa. Zakunan teku kuma suna ƙaura wani lokaci, yunwa ta matsa. Sai suka yanke shawarar fitar da kansu. Nan Raynal ya zama maƙeri. Ya ƙera zugazugi da katako da fatar zakin teku, aka ƙona gawayi, ya riƙa ciro ƙarafan Grafton yana mayar da su kayan aiki da ƙusoshi ɗaruruwa. Sun so gina sabon jirgi, abin ya gagara, itacen tsibirin duk a murɗe yake, kayan aiki kuma ba su kai ba. Sai suka ƙara wa ɗan kwalekwalensu tsawo da tsayi, daga ƙasa da mita 4 zuwa sama da mita 5, suka rufe samansa. Bai iya ɗaukar mutum biyar ba. Ranar 19 ga Yuli 1865, tsakiyar sanyinsu, Musgrave da Raynal da Alick suka shiga, suka bar George da Henry a Epigwaitt. Kwana biyar suna cikin igiyar ruwa, ranar 24 suka isa tsibirin Stewart na Niyu Zilan, ba mai iya tsayuwa da ƙafarsa sosai.

Yanzu ga inda labarin ya yi nauyi. Cikin Mayu 1864, wata biyu kacal bayan su Raynal sun tare a ɗakinsu, wani babban jirgi mai suna Invercauld, daga Melbon za shi Peru, ya bugi duwatsu a arewa maso yammacin wannan tsibiri dai. Mutum 25 ke ciki, 19 suka kai gaɓa. Tsakaninsu da Epigwaitt bai wuce ƴan kilomita gomiya ba, amma duwatsu da ƙungurmin kurmi sun raba, ba wanda ya san da wani. Da wani jirgi ya tsince su cikin Mayu 1865, mutum uku suka rage: kyaftin Dalgarno, mataimakinsa Andrew Smith, da wani ƙaramin ma'aikaci, Robert Holding. Sauran yunwa da sanyi suka kashe, wasu an bar su a hanya ba su iya tafiya.

Masu ba da labarin, har da Joan Druett cikin littafinta na 2007, sun fi son su jera biyun su ce: ga waɗanda suka haɗa kai, ga waɗanda suka watse. Akwai gaskiya ciki. Mutanen Grafton sun zauna sun zaɓi Musgrave shugaba da yardarsu, da sharaɗin ana iya sauke shi, kowa na yin girki da bi da bi. A ɓangaren Invercauld manyan sun riƙe girmansu na jirgi, ba su ba da umurnin kirki ba, ba su kuma so ƙarami ya ba su shawara. Amma ni ban yarda a tsaya nan ba, don rashin adalci ne ga matattu. Grafton ya fashe lokacin ɗumi, cikin lungu, ya bar musu kwalekwale da bindiga da gatari da ƙarfe. Invercauld ya ragargaje cikin dare a gindin dogayen duwatsu, a bakin sanyi, mutane suka fito da tufafin jikinsu, wasu ba takalmi, da ɗan biskit da ƴan ashana. Don ka ƙona makankari dare guda sai ka sari itace mai yawa, don ka sari itace sai da gatari, don ka ɗaga gatari sai ka ci. Murhun Raynal yana tsaye ne bisa duk waɗannan. Mu tuna kuma shi ya rubuta labarin kansa, shekara biyar bayan abin, yana zaune a Faransa, kuma wanda ke riƙe da alƙalami ba ya sa kansa a gefe. Littafin Musgrave dai ya tabbatar da maƙerar da aikin ƙarfen, wannan ba gardama.

Duk da haka akwai abu ɗaya da na kasa kawar da ido daga kansa. Cikin mutanen Invercauld, wanda ya riƙa nemo abinci, ya matsa a bar wurin da ba komai, ya haɗa ɗan kwalekwale da sanduna da fata, shi ne Holding, mafi ƙanƙantar muƙami cikin ukun da suka tsira. Shi ma, kamar Raynal, ya taɓa yin rayuwar masu haƙar zinariya a dajin Ostiraliya. Jirgi biyu, mutum 30, kuma a kowane ɓangare wanda ya riƙe sauran shi ne wanda hannunsa ya saba yin abu daga babu. Bambancin, su Musgrave sun saurari nasu tun ranar farko.

Musgrave da ya isa garin Invercargill bai samu jirgin gwamnati ba. Mutanen gari ne suka yi karo-karo, aka ɗauki wani ƙaramin jirgi mai suna Flying Scud, ya koma da kansa cikin wannan tekun da ya kusa cinye shi. Ya tarar da George da Henry da rai, yunwa ta kusa gamawa da su, wutar murhun na ci. A hanyar dawowa suka ratse arewacin tsibirin, wurin da ake kira Port Ross, inda Turawan Ingila suka taɓa kafa wani ƙauye a 1849 suka watse a 1852. Cikin wani kangon ɗaki suka tarar da gawar mutum kwance, ya daɗe da mutuwa. Ba su san ko wane ne ba, ba su san ta inda ya zo ba. Suka haƙa rami suka rufe shi, suka kama hanya, suka isa Invercargill cikin Satumba 1865. Sai daga baya aka gane James Mahoney ne, mataimaki na biyu a jirgin Invercauld.